Na sayi tablon Excel na lissahin iskar jirgi jikka uku, ga yadda munka ƙare da shi

Jama'a salamu alaikum. Wata biyu kenan ina aiki da wani fishiye na Excel da na saya wurin wani yaro mai siber nan Maradi, kuma tunda mutanen fadarmu sun ishe ni da tambaya wai ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, bari in zauna in rubuta gaba ɗaya in huta da maimaici. Jikka uku na biya, sefa 3000 kenan ga ƴan uwanmu na Najeriya da ba su saba da ƙirgenmu ba, kuma cikin kuɗin har da zama biyu da ya yi da ni shina nuna mini yadda abin yake. Aikin fishiyen guda ne, ka gaya mishi hanyar da za ka bi da gudun jirginka da inda iska ke hitowa da ƙarhinta, shi kuma ya ce maka ga digiri nawa za ka karkata hancin jirgi don kada iska ta kwashe ka, ga minti nawa za ka yi sama, ga man da za ka sha. Jirgin fa ba na gaske ba ne, kada gobe in ji ana cewa cikin kasuwa wane ya sayi jirgi a hwara turo mini masu biɗar taimako, na cikin kwamfuta ne.

Ni dai aikina lissahin buhunan aya da wake a wani magaza, shekara da shekaru Excel abokin zamana ne amma iyakata tarawa da ɗebewa da wane ya biya wane bai biya ba, ban taɓa sanin akwai SIN da COS a cikinshi ba balle in san amfaninsu. Jirgi kuwa tun ina yaro nike sonshi, da mun ji ƙara sai mu sheƙa wajen hilin jirgi mu tsaya nesa muna kallo, Allah bai nuhe ni da tuƙi ba sai da girma ya zo wani ɗan wana ya sa mini FlightGear, similatar tuƙin jirgi, cikin kwamfutata. Kyauta ne, tun 1997 ake hiddo shi, kuma jirgin da yake baka da hwarko Cessna 172 ne, ƙaramin nan mai kujera huɗu da ake koyon tuƙi da shi ko'ina a duniya. Na so Microsoft Flight Simulator na 2020 don an ce har gidanka kana iya gani, amma abin da ya hi jiga 100 wane forfe ne zai sauke mini shi, kuma tsohuwar kwamfutata ba ta iya ɗaukarshi, na haƙura.

Abin da ya kai ni wurin yaron nan ɓata ne na yi. Ranar na ce yau daga Maradi sai Damagaram, kuma ba zan buɗe taswirar nan mai nuna maka jirginka shina tahiya bisa layi ba, don wannan ai kamar ka hau kabu-kabu ne ka ce kai ka san hanya. Hilin Maradi lambarshi DRRM, na Damagaram DRZR, tsakaninsu kamar mil 110 na teku, shi mil na teku mita 1852 ne, kuma hanyar digiri 081 ce, wato gabas amma ka ɗan gusa arewa kaɗan. Na sa iskar hunturu irin tamu, daga arewa maso gabas, digiri 040, not 20, wato gudun mil 20 na teku a awa, na tashi na daidaita hanci bisa 081 na riƙe gam kamar wanda anka ba amana, awa guda cur ban bar allura ta motsa ba ina ta yaba ma kaina. Awa ta cika ba Damagaram ba labarinta, na ƙara minti goma, ba komi ƙasa sai jan rairayi da ƴan itatuwa. Da na gaji na buɗe taswira sai ga ni kudu da gari wajen mil 15, kusan kilomita 28, can bisa hanyar Magarya. Iska na wahalar da mai kayan kara, ashe har mai kayan ƙarhe ba ta bari ba.

Da na ba yaron labari dariya ya yi ya ce Alhaji ka taɓa ƙetare Gulbi da damina in ya kawo? Na ce tun ba a haihe ka ba. Ya ce to in za ka hita daidai wancan iccen, iccen kake nuha? Na ce a'a sama kake nuha, ruwa ya gangaro da kai. Ya ce shikenan ka gama karatun, saura lissahi. Wallahi wannan magana kaɗai ta ci jikka guda cikin ukun, don duk bidiyon Turawa da na kalla da kibiyoyi da zane-zane ba wanda ya shiga kaina kamar wannan.

Yanzu ga fishiyen kanshi. Shafi guda ne ba hayaniya, gidaje huɗu masu ruwan ɗorawa su kake cikawa, hanya, gudun jirgi, inda iska ke hitowa, ƙarhin iska, sai na biyar nisa, sauran duk da kansu suke cika. Abin da ya hi burge ni, kuma shi ya sa nike cewa ya hi ƴan aplikasiyon waya da ke jeho maka amsa kawai, bai dunƙule lissahin wuri guda ba, kowane mataki da kolon nashi. Akwai kolon da ke nuna kusurwar da ke tsakanin iska da hanyarka, akwai wanda ke raba iskar biyu, wadda ke tura ka gehe da wadda ke dukan goshinka ko ƙeyarka, sannan karkatar, sannan inda hanci zai kalla wanda shi yake ce ma kap, sannan gudunka na gaskiya bisa ƙasa, sai lokaci sai mai. In ka canza iska daga 20 zuwa 25 idonka na ganin wane gida ya motsa da yawa wane ya motsa kaɗan, a haka kan mutum ke buɗewa ba tare da an yi mishi dogon turanci ba.

Ga masu son su gwada da kansu, in hanya na gidan A2, gudu B2, inda iska ke hitowa C2, ƙarhinta D2, to formil ɗin karkata a E2 shi ne =DEGRES(ASIN(D2*SIN(RADIANS(C2-A2))/B2)), kap kuma =MOD(A2+E2;360), gudun ƙasa =B2*COS(RADIANS(E2))-D2*COS(RADIANS(C2-A2)). Iyakar sirrin kenan, layi uku. Amma akwai tarko biyu a ciki da ni kaɗai da ban taɓa gano su ba. Na hwarko Excel bai ƙirga kusurwa da digiri, da radiyan yake ƙirgawa, in ka rubuta SIN na 30 kai tsaye kana jiran 0,5 irin na lakkwal sai ya baka -0,988 kuma bai ce maka ka yi kuskure ba, shiru zai yi ya bar ka ka tashi da lissahin banza, shi ya sa dole RADIANS wajen shiga DEGRES wajen hita. Na biyu MOD ɗin nan, in hanyarka 357 ce karkata ta zo 6 sai ka samu 363 alhali busol ta ƙare a 360, MOD ke maida shi 003, in kuma ya hwaɗa ƙasa da sihiri kamar -10 ya maida shi 350. Ƙaramin abu ne amma nan na gane yaron ya zauna ya yi tunani, ba kwahe ya yi kawai ba.

To na koma gida na zuba nawa, 081, 110, 040, 20. Ya ce iskar gehe not 13 daga hagu, ta goshi not 15, karkata -6,85 wato digiri 7 zuwa hagu, kap 074, gudun ƙasa not 94. Gaskiya da na tashi na aza hanci bisa 074 zuciyata ba ta kwanta ba, ji nike kamar na nuhi wani wuri daban, hannuna na ta ƙaiƙayi in maido shi 081, sai na tuna Gulbi na daure. Ga Cadawa ta wuce, ga Agye, titin kwalta na hitowa shina ɓacewa don shi ba miƙe yake ba, can na hango Tasawa gehe, ina ta duba montur kamar mai jiran a sha ruwa, sai ga pist ɗin Damagaram gabana kamar an ajiye mini shi da hannu. Na yi kabbara da ƙarhi har uwargida ta leƙo ta ce lahiya, na ce na iso Damagaram, ta dube ni ta dubi kwamfuta ta ce to ka gaishe su ta koma.

Sai dai nan ne munka hwara samun saɓani da mai fishiye. Gidan lokaci ya rubuta 1,17, ni kuma na iso a awa ɗaya da minti 10, washegari na tahi siber da ƙarhin gwiwata na ce ƙanena lissahinka ya yi ƙarya da minti bakwai. Ya ce Alhaji ba awa ɗaya da minti 17 ba ne, awa ɗaya ce da kashi 17 cikin ɗari na awa, ka ninka 0,17 sau 60 ka gani. Minti 10 ne cif. Kunya ta kama ni don ni ne mai lissahin buhu, amma har yanzu ina nan kan bakana laihinshi ne, wa ke duba agogo da kashi cikin ɗari? Mutum na tuƙi hannu guda bisa manet, sandar tuƙi, ido guda bisa allura ka ce ya tsaya ninkawa. Kuma da ranar na sa ƙura irin ta watan Janairu da ba ka ganin gabanka, da na bi 1,17 ɗin nan na wuce gari da mil 11 ban sani ba. Gyaran bai kai minti guda ba, ko a ninka sau 60 ya hito minti 70, ko a raba da 24 a sa gidan ya nuna awa da minti tunda Excel kwana guda yake ɗauka a matsayin 1. Ya gyara mini nan take, amma waɗanda sunka saya kahin ni suna nan da 1,17 ɗinsu.

Abin da ya hi ba ni daɗi kuma gardamar da munka sha a fada. Akwai abokina direba, shekara ashirin shina bin hanyar Maradi da Damagaram, ya ce duk wannan wahalar banza ce, abin da iska ta ci maka wajen tahiya ai tana maido maka wajen dawowa, an yi kunnen doki. Ni ma haka na zata wallahi, har na goya mishi baya kahin in buɗe waya. Munka juya hanya 261, iska na nan yadda take, tablo ya ce kap 268, gudun ƙasa 124, minti 53. To 70 da 53 nawa kenan, 123, alhali in ba iska ko kaɗan 60 da 60 ne 120. Ya ce minti uku ai kuskuren na'ura ne. Na ɗaga iskar zuwa not 40, tahiya ta koma minti 86 dawowa 48, jimla 134, yanzu giɓin minti 14 ne. Shayi ya huce ana musu, sai wani malamin lakkwal da ke zama da mu ya ce abin ai a hili yake, inda iska ke cutarka ka daɗe cikinta, inda take taimakonka kuma da wuri kake hita, yaushe za su zo daidai, kuma ita ta gehe ko tahiya ko dawowa sai ta ɗan rage maka gudu tunda hancinka ba hanya yake kallo ba. Direba ya ce shi dai mota ya sani. Ya biya sukarin zagaye na biyu.

Yanzu bari in zo inda abin ya gaza, don ba talla nike mishi ba. Babbar matsalar gidan da ya rubuta ma gudun jirgi kawai bai ce wane gudu ba. Allurar da ke gabanka cikin jirgi ba gudunka na gaskiya take nunawa ba in ka yi sama, don iska can ba ta da kauri kamar ta ƙasa, kusan kowane ƙahwa 1000 sai ka ƙara kashi 2 cikin ɗari bisa abin da allura ta ce. Ni ina tahiya gabas a ƙahwa 5500, allura na cewa 100 amma gaskiyar wajen 110 ce, in kuma zahin Afrilu ne irin namu da ke wuce 40 to ya hi haka. Tahiyata ta hwarko sa'a na ci don 110 ɗin shi ya ba ni da bakinshi, da na zo yin Kano ni kaɗai, digiri 137 mil 120, sai na kwahe 100 daga allura na zuba, na iso da wuri ina ta mamaki. Sai a zama na biyu ya ce au Alhaji ban gaya maka ba? Ba ka gaya mini ba mana. Wannan kolon guda ne za a ƙara, a sa tsawo a sa abin da allura ta nuna ya hiddo na gaskiya, ya ce zai sa, yau sati biyar.

Sai maganar iska kanta. Rahoton nan na hilayen jirgi da ake ce ma METAR in ya rubuta 04020KT nuhinshi iska daga 040 take hitowa, ba can za ta ba, shi kuma yaron bai rubuta haka bisa kolon ba, har na ga wani ɗan lise a siber ya juya ta ya sa 220 wai ai can ta nuha, tablo kuwa ba ruwanshi ya ba shi amsa tsaf, ya karkata dama inda ya kamata ya yi hagu, ɓatanshi ya ninka nawa. Kuma ita iskar METAR kamar mita 10 daga ƙasa ake auna ta, wadda ke sama a ƙahwa dubu biyar daban ce, sau da yawa ta hi ƙarhi kuma ta ɗan juya, to in ka bar similatar bisa yanayi na gaske ka zuba iskar ƙasa cikin tablo kada ka zo kana zagin tablo. Ni yanzu ko dai in shiga wurin yanayi in sa iskar da hannuna hawa-hawa, ko in hau sama tukuna in ga abin da ke can sannan in gyara gidajen. Wannan ba laihin fishiye ba ne amma mai saida shi ya kamata ya hwaɗa ma mutane tun ranar hwarko.

Bambancin arewar taswira da arewar busol ma babu gidanshi sam. A nan ƙasarmu ba ka ji a jikinka don bambancin bai wuce digiri ɗaya ko biyu ba, amma ranar da na ce bari in yi yawo wajen Siyatil ta Amurka inda ya kai kamar digiri 15, kap ɗin da tablo ya ba ni ya kai ni duwatsu. Da na gaya mishi cewa ya yi Alhaji mi ya kai ka Amurka, ga Dogon Dutsi nan. Man jirgi kuma lissahinshi daidai ne, galan 9 a awa sau minti 70 ya ba ni galan 10,5 wajen lita 40, amma bai ƙara na ajiya ba, alhali ƙa'idar Amurka ma ga mai tuƙi da ido sai ka bar na minti 30 da rana 45 da dare. Na wasa ne ba mai mutuwa, na sani, amma in za a koyi abu a koye shi da kyau.

Abin da ya ɓata mini rai na gaske shi ne kod. Ya kulle shafin, layi biyar kawai ya bari, ni kuma ina son in yanka tahiyar Yamai guntu-guntu, mil kusan 290 ce yamma sak, in sa Madawa in sa Ƙonni in sa Dogon Dutsi in sa Doso kowane da lokacinshi, ga na dawowa, layi biyar ina za su kai ni. Na ce ba ni kod ya ce a'a Alhaji in na baka gobe fishiyen na cikin kowane grup na WhatsApp, abincina kenan. Na gane uzurinshi, yaro ne ɗalibi shina biɗar na kanshi, amma ai kullewar ba ta hana a tura shi, gyara kawai take hanawa, wato ɓarawo bai ji komi ba sai ni da na biya. Kuma lissahin nan ba na kakan kowa ba ne, tun shekarun 1930 wani sojan ruwan Amurka Philip Dalton ya ƙera hwaihwan nan mai juyawa da ake kira E6B don wannan aikin, har yau ana koya ma ɗaliban tuƙi shi, shi kanshi yaron shina da na kwali da ya buga ya manna, munka gwada ya ba mu digiri 7 daidai da tablo. Har da dabarar ka ya nuna mini, ka raba 60 da gudunka ka ninka da ƙarhin iska, 60 bisa 110 sau 20 kusan 11, wannan ita ce iyakar karkatar da iskar za ta iya sa ka in daga gehe take sak, tamu kuma da ke zuwa a kaikaice wajen kashi biyu cikin uku, 7 kenan. Mutumin da ya baka wannan kyauta ya hana ka kod, ni dai ban gane ba.

Ƙarshe sabon shafi na buɗe na gina nawa. Nan ma na sha wuya amma wannan tawa ce, na ce ma ɗan wana da ke karatu Kano ya turo mini formil, ya turo, na manna sai ga #NOM? ya cika gida. Ashe nashi Excel na Turancin Ingilishi ne nawa na Faransanci, shi DEGREES yake rubutawa ni DEGRES, shi waƙahi yake sawa cikin MOD ni kuma waƙahi mai ɗigo, don mu waƙahin ya riga ya tahi wajen 6,85. In fishiye ne anka turo maka gaba ɗaya ba matsala da kanshi yake juya sunayen, manna rubutu ne ke kawo rigima, duk mai ɗan uwa ƙetaren iyaka ya kiyaye wannan. Da ya tashi aiki don tsokana na sa iska not 200, ya hiddo #NOMBRE!, na kira yaron na ce na ɓata shi, ya ce ba ka ɓata ba Alhaji, iskar gehe ta hi gudun jirginka, ko ka juya hanci gaba ɗaya ba ka zuwa, gaskiya ya gaya maka da yarenshi.

Shi siber ɗin kuma ba laihi ba yabo. Kwamfuta biyu ke ɗaukar similatar, manet guda ce tak kuma hannunta ya saki sai ka riƙa tallabe ta, dala hamsin awa, yara masu wasan ƙwallo na tsaye bayanka suna hura maka wuya suna cewa baba ka sauka mana. Zamanmu na biyu muna tsakiyar tahiyar Tawa kuran ya ɗauke, panonshi hitila da pankar sama kawai yake ja, sai a kaye da bik munka ƙarasa, wanda in an bi ta gaskiya ya hi amfani don da hannuna na zana kusurwar. Haƙuri kam shina da shi, tambaya guda na yi ta sau huɗu bai canza huska ba, kuma bai taɓa sa ni jin ni tsoho ne gaban yara ba. Alƙawali ne bai iya ba, in ya ce ƙarhe huɗu ka zo bayan la'asar sakaliya, in ka kira bayan isha'i waya na ringin har ta gaji. Bisa waya fishiyen na buɗewa lahiya lau, da shi na kada direba a fada, sai dai gidajen ƙanana ne babban yatsana na danna biyu lokaci guda.

To a saya ko kar a saya? In kai mai bin layin taswira ne kana son ka ga gari daga sama ka ɗauki hoto ka sa a status, riƙe jikka ukunka ka sayi kilishi. In kuma ka iya Excel sosai kuma ba ka tsoron SIN, layi ukun nan da na rubuta sama sun ishe ka, ka ƙara gidan tsawo da na busol da na man ajiya ka hi nashi. Amma irina da ke son ya rufe taswira ya isa gari da agogo da busol kawai kuma bai san ta inda zai kama ba, ka je ka biya, zaman nan biyu su ne kayan, fishiyen gyara ne anka ɗora maka bisa. Cikin goma na ba shi bakwai, ranar da ya sa kolon tsawo ya koma takwas, ranar da ya ba ni kod mu sake magana.

Daren Juma'a in Allah ya kai mu Tawa zan sake, wadda kuran ya katse mana. Digiri 307, mil 136, iskar na nan 040 not 20, wannan karon kusan daga dama sak take zuwa, tablona ya ce karkata 10 da rabi, kap 317, minti 75. Direba ya ce zai zo ya zauna kusa da ni da montur ɗinshi, wai bai yarda da tawa ba.